Na biya kuɗin ajin jujitsu, amma tsoron ranar farko ya hana ni sakat

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina aikin ofis a Abuja, ina da mata da yara uku. Nauyina kilo 98, bene hawa biyu na hau sai na tsaya na huta. Akwai wani yaro da ke aiki a ƙarƙashina, shekararsa biyu yana koyon jujitsu irin na Birazil. Shi ya yi ta jan ra'ayina har na biya kuɗin gwaji na rana ɗaya, Asabar mai zuwa. Tun da na biya hankalina bai kwanta ba. Na kalli bidiyo a YouTube na ga ana shaƙe mutane, ana banƙare musu hannu. Maiɗakina ta ce ba da yawunta ba, wai in aka karya ni wa zai riƙe gidan. Ni kuma kunya ce ta fi damuna, a ce yaron da nake ba umarni ya danne ni a gaban jama'a. Na yi kokawa da ƙuruciya a garinmu, amma an jima. Ina da tsohon ciwo a gwiwar dama tun zamanin ƙwallo. Sannan na ga suna sunkuyawa kafin su fara, maza da mata kuma suna karawa da juna, wannan ma yana min nauyi. In je ko in haƙura da kuɗin? In zan je, me zan tarar?

Wani magidanci daga Abuja

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka je. Niyyar da ka yi ta gyara jikinka mai kyau ce, kada tsoro ya kashe ta. Amma akwai abin da nake so ka yi kafin Asabar, kuma maganar maiɗakinka ba abar jefarwa ba ce, za mu zo kanta.

Bidiyon da ka kalla yawancinsu na gasa ne, na mutanen da suka shekara biyar ko goma a cikin abin. Ajin masu farawa daban yake. Tunda ka taɓa kokawa, bari in shigo maka ta nan. A kokawarmu da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, sai kiɗa da kirari. Jujitsu kuwa a nan yake farawa: an faɗi, to wa zai danne wa, wa zai zame ya fita, wa zai kai ɗan'uwansa inda dole ya sallama. Babu naushi, babu shuri. Tushensa judo ne, wanda Bajapane Jigoro Kano ya kafa makarantarsa a Tokyo a 1882. Wani almajirin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya sauka Birazil a 1914, ya koyar da Carlos Gracie, shi kuma da ƙaninsa Helio da 'ya'yansu suka duƙufa kan faɗan ƙasa. Duniya ta farga da su a 1993, lokacin da Royce Gracie, mai nauyin kimanin kilo 80, ya sa mutum uku suka sallama a dare ɗaya a gasar UFC ta farko a Amurka, gasar da ke haɗa masu salon faɗa daban-daban. Wasan an gina shi ne don ƙaramin da ya san dabara ya iya sarrafa ƙaton da bai sani ba. Idan ranar Asabar wani siriri ya danne ka ka kasa motsi, abin da ka biya kuɗi ka je koya ne aka nuna maka.

Darasin da ya fi kowane muhimmanci a ranar farko shi ne sallamawa, a wajen suna ce mata "taf". Idan aka kama ka, ka ji hannunka ya miƙe ya kai iyaka, ko wuyanka ya matsu, ko an danne maka ƙirji numfashi ya gagara, sai ka bubbuga jikin abokin karawarka da tafin hannu sau biyu ko uku, da ƙarfin da zai ji. A jikinsa za ka buga, saboda ɗakin yana da hayaniya, bugun tabarma na iya wuce kunnensa. In hannuwanka biyu duk a riƙe suke, ka buga ƙafa a ƙasa, ka ɗaga murya ka ce "taf". Yana ji zai sake ka, ku gyara riga ku sake farawa. Kai ma aka taɓa ka, ka saki nan take, ko da kana ganin ba ka matsa ba.

Lokacin bugawar ne masu farawa ke kuskurewa. Kamun gaɓa, na gwiwar hannu ko na kafaɗa, tsakanin "na fara jin zafi" da "ta goce" tazarar kaɗan ce ƙwarai. Don haka ka buga tun da ka ga hannunka ya miƙe kuma ba ka san hanyar fita ba. Shaƙa kuma yawanci jijiyoyi biyu na gefen wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa take tarewa, maƙogwaro na iya kasancewa a buɗe. Shi ya sa mutum zai ji yana numfashi ya ce bari in ƙara daurewa, alhali in ta zauna daidai, cikin daƙiƙa goma ko ƙasa da haka zai suma. Alamarta nauyi a kai, fuska ta ɗauki zafi, gani ya fara dushewa. Kada ka jira alamar, kana jin ta zauna ka buga. Wanda ya buga sau goma sha biyar a ranar farko ya koma gida lafiya, ajinsa ya yi kyau. Masu baƙar ɗamara, wato ƙwararrun wasan, waɗanda yawanci sai sun kai shekara goma kafin su ɗaura ta, su ma suna bugawa a wajen atisaye, kuma babu mai ƙirgawa.

To, yaron ofishinku. Ba zan ɓoye maka ba, zai danne ka, kuma ba sai ya yi gumi ba. Shekara biyu a wannan wasa ba kaɗan ba ce, da yawa a nan suke barin farar ɗamara su ɗaura shuɗiya. Amma duba ta ɓangarensa. Yaro ba ya gayyatar ogansa wurin da yake ƙauna don ya kunyata shi. Yana jin nauyinka, wataƙila ma yana can yana fargabar kada ka ji ciwo a ce shi ya jawo. Duk wanda ke ɗakin ya taɓa zama sabon shiga, ya kasa ɗaura ɗamara, ya kwanta yana haki, kuma idan an fara kowa ta kansa yake yi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka kira shi gefe kafin Asabar ka ce: "A can kai ne malami, ka bi da ni a hankali, kuma abin da ya faru a can kada in ji shi a bakin mutanen ofis." In har yanzu kana jin nauyin, ka roƙi mai horarwa ya haɗa ka da wani. Sai dai ka sani, wanda ya jima a wasan ya fi maka aminci nesa ba kusa ba, domin ya san inda zai tsaya. Sababbi biyu masu ƙarfi da zuciya su ne suka fi ji wa juna rauni.

Kafin Asabar ka auna jininka, a asibiti ko a kemis mai na'ura. Idan ya kai 140/90 ko ya haura, ko kana jin ciwon ƙirji ko jiri in ka motsa, ko kana da ciwon suga, ka ga likita tukuna, ka faɗa masa wasan yana da matse wuya da yunƙuri mai ƙarfi. In ya ce a dakata, ka nemi a ɗage maka ranar, aji ba gudu zai yi ba. Sai gwiwar nan. Idan tana kumbura, ko tana ƙagewa ta ƙi miƙewa, ko kana jin ta sulluɓe kamar za ta kai ka ƙasa in ka juya, a duba ta kafin ka hau tabarma, domin durƙuso da lanƙwasa da murɗawa suna da yawa. Ko da tana lafiya, ka faɗa wa mai horarwa da duk wanda aka haɗa ka da shi cewa gwiwarka ta dama tana da tsohon ciwo.

Kada ka sayi komai mai tsada tukuna. Kayan wasan, da ake kira gi, riga ce mai kauri ta auduga da wando da ɗamara, kuma wurare da yawa suna ba baƙo aro, ka tambaya ta waya. In babu, ka sa riga mai ɗan kama jiki da wandon motsa jiki marar aljihu, marar zif. Aljihu yana kama yatsun mutane, zif yana yanka. A ciki ka sa dogon wando mai kama jiki da ya wuce gwiwa, zai rufe maka al'aura ko yaya aka juya ka, zai kuma rage gurjewa. Ka yanke faratan hannu da na ƙafa tun Juma'a. Ka cire agogo da zobe da duk abin da ke rataye a wuya ko damtse; zobe in ya maƙale a rigar wani yana iya saɓule fatar yatsa. Ka tafi da silifas, domin ba a hawa tabarma da takalmi, ba a kuma shiga banɗaki ƙafa ba takalmi a dawo a taka inda mutane ke ɗora fuska. Ga ruwa lita ɗaya da rabi, da tawul, da rigar canji. Abinci mai nauyi ya kasance awa biyu zuwa uku kafin aji. Wanda ya cika ciki da tuwo sannan aka ɗora masa gwiwa a tumbi, amai zai yi. Ayaba ɗaya ko dabino uku awa guda kafin lokaci sun wadatar.

Ka isa minti goma sha biyar kafin a fara. Ajin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi: ɗumama jiki, koyon dabara, sannan karawa. Ɗumama jikin minti goma zuwa sha biyar ne, kuma ga mai nauyinka shi zai fi ba ka wuya. Za ka ga mutane suna mirginawa, suna jan jiki a kwance daga wannan bango zuwa wancan. Wanda za a fi maimaitawa shi ne zame ƙugu: kana rigingine, ka kafa tafin ƙafa ɗaya kusa da ɗuwawu, ka juya kan kafaɗar ɗaya gefen, ka ɗan ɗaga ƙugu ka tura shi baya, jikinka ya lanƙwashe kamar mai son taɓo yatsun ƙafarsa. Yawancin hanyoyin fita daga ƙarƙashin mutum a kan wannan motsi suka dogara, kuma ba wanda ke iya shi ranar farko. Numfashi ya ƙare, ka koma gefe ka sha ruwa ka dawo. Za kuma a koya maka faɗuwa. Mutum in zai faɗi ta baya hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, a nan wuyan hannu da kafaɗa suke tafiya, balle ga mai kilo 98. Abin da ake so, ka manna haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka lanƙwasa baya, ka fitar da numfashi, ka mari tabarma da dukkan tsawon hannuwanka daidai lokacin da bayanka ke sauka. Ka fara daga zaune, sannan daga tsugune, daga tsaye sai wata rana.

Daga nan mai horarwa zai nuna dabara biyu ko uku, ku rabu biyu-biyu kuna gwadawa. Sunayen za su yi maka yawa, kada su dame ka. Matsayi huɗu kawai ka gane. Akwai gadi, wato kana kwance amma ƙafafunka suna tsakaninka da abokin karawarka ko sun zagaye ƙugunsa. A kokawa wannan faɗuwa ce, a nan wurin kai hari ne. Akwai dannewa ta gefe, ƙirji kan ƙirji. Akwai hawa ruwan ciki. Sai kama baya kamar goyo, ƙafafunsa sun sarƙe cinyoyinka. Biyun ƙarshe su suka fi muni in kai ne a hannu, shi ya sa a dokar gasar IBJJF, wata babbar ƙungiyar shirya gasar jujitsu, kowannensu maki 4 ne, alhali kayarwa maki 2 ce kawai.

Cikin dabarun da aka saba fara koyarwa akwai kuɓuta idan an hau ruwan cikinka, bari in zayyana maka ita don kada ta zo maka baƙuwa. Ka kama hannunsa ɗaya ka manne shi a ƙirjinka, hannunka ɗaya a wuyan hannunsa, ɗaya a bayan gwiwar hannun. Ka sa ƙafarka ta wannan gefen ka tare ƙafarsa ta waje. Ka jawo dugaduganka kusa da ɗuwawu, ka ɗaga ƙugu sama sosai tukuna, sannan ka birkice ta kan kafaɗarka ta gefen da ka tare. Ya rasa hannun dafawa da ƙafar tokarewa, sai ya kifa, kai ka dawo sama tsakanin ƙafafunsa. In ta ƙi, ɗayan uku ne: an manta tare ƙafa sai ya miƙe ta ya tokare, ko an mirgina gefe ba a ɗaga sama ba don haka nauyinsa bai bar cikinka ba, ko an birkice ta gefen da hannunsa ke sake. Idan a kanka ake gwadawa, ka bar abokinka ya yi, kada ka ƙi, kada kuma ka zube kamar buhu tun bai motsa ba.

Karawa zagaye-zagaye ce ta minti biyar ko shida. Wasu wuraren ba sa barin sabon shiga ya yi ta sai ya yi makonni. In an bar ka, ka zauna ka kalli zagaye biyu na farko, sannan ka yi ɗaya tak da wanda mai horarwa ya zaɓa maka, ku fara daga ƙasa. Abin da zai faru kusan kowa haka yake yi: za ka damƙi rigarsa da iya ƙarfinka, ka riƙe numfashi ba ka sani ba, cikin minti ɗaya damatsanka su yi tauri, ƙirji ya ɗauki wuta. Maganinsa ka yi aiki da rabin ƙarfinka, ka riƙa jin fitar numfashinka da kunnenka. Idan aka danne ka, za ka ji ɗakin ya matse, zuciya ta ce ka yi ta fizge-fizge. Ka juya kan gefe ɗaya maimakon rigingine, ka sa damtse tsakanin jikinka da nasa, ka ja numfashi a hankali. In abin ya yi yawa ka buga, ana bugawa don matsi kaɗai. Gwiwoyin hannunka su zauna manne da haƙarƙari. Na ƙasa in ya miƙe hannuwa yana tura ƙirjin na sama, ya miƙa masa hannun banƙarewa ne. In ya juya baya yana neman tashi, wuyansa ya bayar. Idan kana tsakanin ƙafafun mutum, hannuwanka su kasance duka a ciki ko duka a waje, domin ɗaya ciki ɗaya waje shi ke ba shi damar sarƙe wuyanka da cinyoyinsa.

Ga wata magana da ba ka tambaya ba. Kana tsoron a ji maka ciwo, amma a ranar farko kai ne za a yi hattara da kai. Kilo 98, ga ragowar kokawa a jiki, ga zuciyar namiji da ba ya son a ga bayansa a ƙasa. Jikinka zai tuna yadda ake sungumar mutum a maka shi da ƙasa. A nan an hana, wanda ya ɗaga mutumin da ya sarƙe shi da ƙafa ya buga shi ƙasa, a gasa kora ce nan take. Ba a kama yatsa ɗaya a murɗe, ba a cusa yatsu cikin bakin hannun riga ko ƙafar wando, ba a dafa fuska, sabon shiga kuma ba ya murɗa ƙafar kowa. Kada ka faɗa kan mutum da dukkan nauyinka, kada ka fizgi abin da ka kama; kamun gaɓa a hankali ake matsa shi don a ba mutum lokacin bugawa. Kokawar za ta yi maka rana nan gaba wajen daidaita tsayuwa da jin nauyin abokin karawa, amma wannan watan ka ajiye ta a ƙofa tare da silifas ɗinka.

Sunkuyawar da ka gani gaisuwa ce da wasan ya gado daga Japan. Wasu wuraren suna yi, wasu musafaha kawai suke yi. Musulmi da yawa masu wasan ba sa sunkuyawa, ƙirji suke dafawa, kuma wasan ya kafu a ƙasashen Musulmi: a Abu Dabi ana koyar da shi a makarantun gwamnati, 'yan mata ma suna yi da kansu a rufe. Hukunci sai ka tambayi malaminka. Ta fuskar aji, sanar da mai horarwa kafin a fara ya wadatar. Haka maganar mata, kowa yana da ikon zaɓar wanda zai kara da shi. Amma yadda za ka yi yana da muhimmanci, saboda ita ma kuɗinta ta biya, koyo ta zo, kuma ba daɗi ta miƙo hannu a gaban jama'a a kau da kai. Ka faɗa wa mai horarwa tun a waya: "Saboda addinina ba na karawa da mata, don Allah a haɗa ni da maza." Shi zai tsara. In aka yi kuskure wata ta neme ka, ka dafa ƙirji ka yi mata bayani da sakin fuska, ka gode mata. Wurin da ya ƙi karɓar wannan, ka nemi wani.

Maiɗakinka kuwa, kada ka ce mata babu haɗari, domin akwai. Ana samun targaɗen yatsu, ciwon haƙarƙari, gurɗewar gwiwa da kafaɗa, wani lokaci har a kai ga aiki a asibiti. Abin da take gani shi ne yara uku da mutum ɗaya da ke ɗauke da su, kuma tsoron nata ƙauna ce. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ya sa kake so: hakin bene, tumbin da ke ƙaruwa, da son ka daɗe kana iya ɗaukar 'ya'yanka. Ka yi mata alkawarin da za ta iya riƙe ka da shi. Za ka auna jini kafin ka je, wata uku na farko ba za ka fara karawa daga tsaye ba, babu maganar gasa, kuma duk ciwon da ya wuce mako ɗaya za a duba shi a asibiti. In tana so ta bi ka ta kalli aji ɗaya, gani ya kori ji. Ka yi mata adalci a lokaci da kuɗi: aji biyu a mako ya ishe ka, kuma kada kuɗinsa ya fito daga na cefane.

Ranar Asabar kai ma jarraba su kake yi. Ka duba ko ana goge tabarma, ko mai horarwa yana zagayawa yana gyara wa sababbi, ko ana saki da zarar an buga. In ka ga an jefa sabon shiga cikin karawa ba a koya masa bugawa ba, ko ana matsa maka ka biya kuɗin shekara nan take, ka gode musu ka tafi. Na wata ɗaya za ka fara biya, gi kuma sai ka yi aji uku ko huɗu. Idan likita ya ce a dakata, ka yi wata biyu kana tafiyar ƙafa mai sauri ta minti talatin, kwana biyar a mako, sannan ka sake tuntuɓarsa. In jama'ar ce ke maka kwarjini, ka nemi darasi ɗaya ko biyu kai kaɗai da mai horarwa. Judo ɗan'uwan jujitsu ne, amma jifa daga tsaye ya fi yawa a cikinsa, da wannan gwiwar ba zan fara tura ka can ba.

Da an tashi ka yi wanka da sabulu da wuri, kayan kuma a wanke su bayan kowane aji, har da ɗamara. Makero da maruru suna yawo a tabarma. In ka ga jan zagaye mai ƙaiƙayi ko ƙurji mai zafi da ke tara mugunya, ka dakata da zuwa ka nuna wa likita. Lahadi da Litinin jikinka zai yi tsami, wuya, haƙarƙari, yatsu, cinyoyi. Wannan yakan tsananta tsakanin kwana ɗaya zuwa uku sannan ya sauka. Wanda ba na lafiya ba shi ne zafi mai kaifi a cikin gaɓa, kumburi, gwiwar da ta ƙi ɗaukar nauyinka, sukar haƙarƙari duk lokacin da ka ja numfashi, ko mutuwar hannu da ke saukowa daga wuya. Waɗannan sai asibiti. Kunne ma in ya kumbura ya yi taushi kamar ya tara ruwa, a kai a zuƙe cikin kwana ɗaya ko biyu, in an bari yakan daskare ya canja siffa.

Kada ka yanke wa wasan hukunci da yammacin Asabar, lokacin da kake jin ba ka tsinci komai ba. Ka ba shi aji shida, mako uku ke nan. A aji na biyu ka je da buri ɗaya, ka zame ƙugu daga bango zuwa bango ba ka tsaya ba. Bayan na shidan ka sake rubuto min, ina son in ji yadda gwiwar ta yi da abin da maiɗakinka ta ce. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.